Kunkurun Baba Hamani

Duk wanda ya saba bin bakin layin dogo a Agege, daga wajen 'yan goro ya gangaro, ya san Kunkuru. Mota ce doguwa, fara a da, amma ruwan Legas ya mayar da ita ruwan toka. Tana zaune a kan bulo huɗu a gindin wani mangwaro. A cikinta akwai gado, da tebur mai naɗewa, da kabad, da ɗan wurin girki, har da famfo mai kai kamar na buta. Mai ita yana kiranta kamfinka, yadda ya ji Turawan Faransa suna faɗa. Mutanen unguwa kuwa suka ce abin da ke ɗauke da ɗakinsa a baya kuma ba ya sauri ai sunansa kunkuru, sunan kuma ya bi ta. Shagona na ɗinki yana fuskantarta, don haka na yi shekaru ina kallonta ta saman kan keke.

Mai motar shi ne Baba Hamani, Bazabarme ne daga Nijar, dogo siriri mai magana a hankali. Sana'arsa gyaran risho da fitila, kuma cikin Kunkuru yake aikinsa. Idan ka leƙa za ka ga lagwani a rataye a jikin sitiyari, da gilasan fitila jere a kan gado. Hausarsa ba ta taɓa zama irin ta Agege ba. Babbar mota a wurinsa kamiyo ce, idan kuma abu ya lalace sai ya ce ya yi fanni. Bayan la'asar yakan ɗora ɗan butar shayi a bakin ƙofar motar, duk wanda ba shi da gaggawa ya zo ya zauna. Ni nakan zo da aikin hannu, ina sa maɓalli ina saurare.

Labarinsa ɗaya ne, sai dai kullum yana da sabon lungu. An haife shi a wani ƙauye kusa da Filinge. Yana saurayi ya tafi Agadas ya zama yaron mota a kamiyon da ke kai gero Bilma ta dawo da gishiri da dabino. A can ya koyi tuƙi a cikin rairayi. A shekarar 1974 wasu Turawa biyu, tsoho da matarsa, suka iso Agadas daga arewa da wannan motar. Tsohon ya gaji da tuƙi, yana neman wanda ya san hamada. Aka nuna musu Hamani. Ya zaga da su cikin Tenere, sannan suka yo kudu, suna kwana inda suka ga dama, suna dafa abinci a cikin mota tana tafiya. Kwana arba'in suka yi. Da suka iso Agege, daidai gindin mangwaron nan, wanda a lokacin bai wuce tsawon mutum ba, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgin ruwan Turawan yana jiransu a Apapa. Tsohon ya damƙa wa Hamani makulli, ya ce ya gyara ta ya koma gida da ita.

"To kun gan ni nan," in ji Baba Hamani, yana juye shayi daga sama har ya yi kumfa. "Shekara ashirin da biyar ina shirin komawa gida."

Abin da ya hana shi komawa yana zaune taku goma daga motar, a gaban kaskon ƙosai. Inna Zinariya haifaffiyar Agege ce, 'yar wani mai goro. Idan ta juya harshe zuwa Yarbanci ba ka cewa Bahaushiya ce, kuma a rayuwarta ba ta taɓa wuce Ibadan ba. Tana budurwa ta zo da tiren ƙosai, ta leƙa ta tagar motar, ta ga gado da tukunya, ta ce wa baƙon da ke kwance a ciki, "Malam, wannan gida ne ko mota?"

Ya ce, "Ya danganta da kujerar da kika zauna."

Washegari ta dawo, jibi ma ta dawo. Ta tambaye shi daga ina aka fito da irin wannan abu, ya ce daga Tenere. Ta ce me ake gani a can, ya ce babu komai, domin abin da kalmar take nufi ke nan a bakin Buzaye. Ta yi dariya har ƙosai ya zube.

"Mutum da hankalinsa ya yi tafiyar kwana arba'in don ya ga babu komai?"

Amma maganar ta bi ta gida. A gida mai ɗaki goma sha huɗu aka haife ta, a bakin layin dogo. Ba ta taɓa zama wurin da ba ta jin muryar wani ko tana kallon bangon wani ba. Ta yi ta ƙoƙarin ta hasko yadda babu komai yake, ta kasa. Da ya yi mata maganar aure sai ta ce ta yarda, in dai zai kai ta ta gani da idonta. Ya ce da zarar mota ta tashi. Aka ɗaura aure, suka kama ɗaki a bayan masallaci, aka haifi 'yarsu Safi, Safi ta girma ta yi aure a Iyana Ipaja, mota ba ta tashi ba.

Wannan bai sa labarin ya tsufa a bakin Baba Hamani ba. Yakan ce akwai wurin da za ka juya gabas da yamma, kudu da arewa, ba ka ga ko tsinke ba. Yakan ce tudun rairayi da safe launinsa daban, da yamma daban, kuma idan ka tsaya shiru za ka ji jininka yana tafiya. Akwai kuma darasin da ba ya tsallakewa ko sau ɗaya.

"Rairayi ba ya son mai taurin kai. In ka zo masa da taya mai tauri, sai ya haɗiye ka. Durƙusawa ake yi. Ka sa tsinken ashana a bakin bawul, ka danna, iska tana fita kana salati..."

"Goma sha ɗaya a kowace ƙafa," Inna Zinariya za ta ƙarasa daga wurin kaskonta, ba tare da ta waiwayo ba. "Taya ta baje kamar tafin raƙumi. Mun ji, Baban Safi. Mai risho ya zo karɓar kayansa tun ɗazu, raƙumi bai bar ka ka gan shi ba."

Sai a yi dariya, shi ma ya yi.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ana ta murna ana cewa komai zai canja, idon Inna Zinariya ya fara ciwo. Da farko ta ce hayaƙin itace ne. Sai ta fara zuba ƙullu a gefen kasko. Safi ta kai ta asibiti, aka duba, aka sake dubawa a wani asibitin. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali. Magani zai iya ja mata lokaci, shekara ɗaya ko biyu, amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ci gaba da suyarta, tana gane nunar ƙosai da ƙarar mai. Sai wata la'asar Baba Hamani ya ɗauko labarinsa, ya iso daidai inda yake cewa babu komai. Ta ajiye matsami.

"Baban Safi."

"Na'am, Zinariya."

"Wannan babu komai ɗin naka, in dai da ido ake ganinsa, to ka yi sauri."

Babu wanda ya yi dariya. Shayin da ke hannunsa ya huce bai sha ba. Da safe da na zo buɗe shago na tarar ya fito da duk rishon mutane ya jera a ƙasa, ya ɗaga murfin injin, yana tsaye yana kallon ciki. Kaza ta yi ƙwai bakwai a kan batir.

Wanda ya kira shi ne Bonat, makaniken danfo, wato ƙananan bas na haya na Legas, ɗan Kudancin Kaduna da ke da rumfa a bakin titi. Bonat ya zo yana goge hannu da tsumma, ya leƙa, ya yi fito.

"Oga Hamani, wannan inji ya mutu tun ina shan nono. Ko fasto da liman sun haɗu ba zai tashi ba."

"To a sa mata wata zuciyar."

"Ina za ka je da ita? Nan Oshodi?"

"Agadas. Da gaba kaɗan."

Bonat ya dube shi, ya dubi Inna Zinariya da ke laluben murfin roba a ƙasa alhali yana gaban ƙafarta. Bai sake tambaya ba. Ya ce akwai wata danfo da ta kife a Iyana Ipaja, jikinta ya tashi aiki amma injinta lafiya lau.

Aikin ya ci shekara ɗaya da rabi. Injin danfo bai yarda ya zauna a mazaunin na Turawa ba sai da aka yanka aka yi walda. Aka gyara wannan, wancan ya ɓalle. Saiwar mangwaro ta ratsa ta ƙarƙashin motar ta rungume ƙarfen baya, sai da aka sa gatari. Bonat yana zuwa ne ranar Lahadi bayan ya taso daga coci, ya cire kwat ya rataye a reshe, ya shige ƙarƙashi. Baba Hamani yana miƙa masa sifana yana kiran sunayen ƙarafa da Faransanci, shi yana amsawa da Turancin kasuwa, kuma suna fahimtar juna.

Safi ba ta so abin ba ko kaɗan. Takan zo da ɗanta a goye ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Mace ba ta gani sosai, ka ɗauke ta a cikin wannan akwala ka kai ta inda ko kemis babu? In ta tsaya muku a daji fa?"

"In ta tsaya mun sauka a gida," in ji shi. "Ga gado, ga tukunya."

"Inna, ki yi masa magana mana."

"Ni na yi masa maganar ai," in ji Inna Zinariya. "Tun kafin a haife ki."

Damina ta zo ta wuce. Idon yana ta raguwa. Ta daina gane fuska sai murya. Ta ce duniya ta koma mata kamar ana kallonta ta bayan ledar burodi. Kullum da safe idan na gaishe ta nakan ce, "Inna, ya ido?" Sai ta juya wajen titi inda danfo masu launin rawaya ke wucewa, sannan ta ɗaga kai sama.

"Rawaya na nan. Shuɗi na nan. Sauran sun yi sallama."

Baba Hamani yana jin wannan amsar kowace safiya, sai ya ƙara sunkuyawa a kan aikinsa. Ya rame a wannan shekarar. Ya daina ba da labarin hamada gaba ɗaya.

Ranar da injin ya tashi, a cikin azumi ne, da hantsi. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gindin mangwaro, kaji suka watse, 'yan okada suka tsaya suna tafi. Bonat ya fito daga ƙasa baƙi ƙirin yana ihu, "Ta yi numfashi! Oga, ta yi numfashi!" Inna Zinariya ta taso ta ɗora tafin hannunta a jikin motar, ta daɗe tana jin yadda take karkarwa.

Bayan ƙaramar Sallah da kwana goma suka tashi, a farkon shekarar 2001. Unguwa ta fito. Safi, wadda ta rantse ba za ta zo ba, ita ta fi kowa kawo kaya: gari, yaji, busasshen kifi, bargo biyu. Aka ɗaure jarkokin ruwa da na mai a bisa. Can sai ga Baba Rasaki mai faci, tsohon Bayarabe da ke bakin mararraba, ya jawo injin iskarsa. Ya ce shi ba shi da abin bayarwa sai iska. Ya bi tayoyin nan huɗu ya ɗura musu har suka yi tauri, yana bugun kowace da ƙarfe tana amsawa.

"Iya Safi, ko Makka za ku je da wannan. Ramin titi ya gan ku ya kauce."

Baba Hamani yana tsakiyar sallama da jama'a, ya yi masa godiya da hannu biyu. Liman ya yi addu'a, Bonat ya ce amin da ƙarfi. Kunkuru ta sauka daga gindin mangwaro ta hau titi, ta bar wani dogon fili mai farar ƙasa inda rana ba ta taɓa ba shekara ashirin da shida.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu na ji shi, bayan sun dawo, wani daga wurinsa, wani daga wurinta.

Kwana tara suka yi kafin Agadas, domin Kunkuru ba ta yarda da gudu ba. Inna Zinariya ta ce kwanakin farko ba ta zauna a kujerar gaba ba. A kan gado ta kwanta, tana jin gida yana tafiya da ita, cokula suna hira a cikin kabad. A kan gadar Jabba ya tsaya ya ce ga kogin Kwara, ta ga wani dogon haske a kwance. A shingen 'yan sanda sai a leƙo a ga mace a zaune tana gyaran wake a kan tebur, a manta abin da aka tsayar da su a kai. A Illela wani jami'i ya juya takardun ya juya, ya ce, "Malam, wannan gida ne ko mota?" Mata da miji suka fashe da dariya tare, har mutumin ya tsargu.

Daga Ƙwanni ta dawo kujerar gaba. Shi yana tuƙi yana faɗa mata abin da ke wucewa: ga rumbuna, ga rijiya da jakuna, ga raƙuma uku da ɗan ƙaraminsu. Ita kuma ta ce abin da ta lura da shi shi ne duniya tana ta sauke kaya. Kullum ƙara tana raguwa. Warin kwata ya tafi tun Ilori, warin ɗanyen ganye ya tafi a Kwantagora, bayan Tawa kuwa iska ba ta da wari sam, sai ɗumi. Inuwar itatuwa da ke giftawa ta kan fuskarta ta yi ta jinkiri, daga ɗaya bayan ɗaya ta koma sai an daɗe, har ta daina zuwa. Sama kuma ta yi ta saukowa ta gefe da gefe.

A Agadas Baba Hamani ya sami wani tsohon abokinsa na zamanin kamiyo, haƙora sun zube amma ya gane shi. Abokin ya ce hanya ta yi lafiya tun da aka yi sulhu da 'yan tawaye, amma wannan mota ba za ta shiga tsakiyar Tenere ba. Ya kwatanta musu inda tuddan rairayi suka fi kusa, tafiyar rabin yini, ya ce in kwana uku ta wuce bai gan su ba zai biyo sawu. Suka auna mai daidai zuwa da dawowa.

A safiyar da za su fita gari, Baba Hamani ya tambaye ta ido. Ta ɗaga kai ta daɗe.

"Rawaya na nan. Shuɗin ne ya fara yin ruwa-ruwa."

Bai karya kumallo ba, ya tayar da mota.

Kwalta ta ƙare, suka hau tsakuwa. Tsakuwa ta kai su har azahar. Can gaba akwai wani baƙin dutse mai tsawo a kwance, abokin ya ce tuddan suna bayansa. Kafin dutsen akwai wani faffaɗan busasshen rafi cike da lallausan rairayi. Kunkuru ta sa ƙafafun gaba, ta sa na baya, ta yi taku kaɗan, sai ta fara nauyi.

A nan ne Baba Hamani ya yi abin da har yau in ya tuna yake rufe fuska. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana kallon direbobin danfo suna ƙwatar hanya, da ya ji mota tana nauyi sai ya taka totur har ƙasa. Tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa rairayi. Ya sa giyar baya ya sake takawa. Motar ta zauna har ciki. Ya fito da shebur ya haƙa, ya koma ya taka, ta ƙara nitsewa. Sau huɗu yana yi. Allurar mai ta sauka, kuma ya san idan ta ƙara sauka kaɗan, ko sun fita sai dai su juya Agadas. Rana ta karkata. Ya jefar da shebur ya zauna a inuwar motar.

Inna Zinariya ta ji shiru ya yi yawa, ta laluba ƙofa ta sauko.

"Baban Safi, kana ina?"

"Ga ni." Ya share gumi. "Zinariya, ki yafe mini. Na kawo ki bakin ƙofa na kasa buɗewa."

Ta bi jikin motar da hannu har ta iso tayar baya. Ta durƙusa ta share rairayin, ta danna tayar da babban yatsa, ta ƙwanƙwasa ta. Tayar ta amsa kamar ganga.

"Iskar wa ke cikin tayar nan?"

Ya ɗago kai ya dubi tayar.

"Tambayarka nake yi, direban hamada."

"Ta Baba Rasaki ce."

"Iskar Agege ka kawo wa rairayi? Shekara ashirin da shida kana cika mana kunne, rairayi ba ya son mai taurin kai, rairayi ba ya son mai taurin kai. Har ƙosaina ya haddace. Miƙo mini ashana."

Ya ce ya tashi ne kamar wanda aka tasa daga barci. Ya kawo ashana, ya kai hannunta kan bawul. Ta danna tsinken, iska ta fara fita da dogon tsaki, ta fara salati a hankali. Da ta kai bakwai ya ce ya isa.

"Goma sha ɗaya ne."

"Ina jin bakwai muke yi."

"Kai faɗa kake yi, ni ji nake yi. Goma sha ɗaya."

Ta cika. Suka zaga ƙafa huɗu, yana riƙe da gwiwar hannunta, tana durƙusawa tana salati. Kowace taya ta sauke kafaɗa ta baje. Ya share gaban tayoyin, ya ciro teburin nan mai naɗewa da tabarmar ƙasa ya shimfiɗa a ƙarƙashi. Ya shiga ya sa giya ta biyu.

"A hankali," in ji ta. "Kamar za ka fita ɗaki yaro na barci."

Kunkuru ta yi nishi, ta ɗaga, ta hau kan tebur, ta sauka a kan rairayi, ba ta nitse ba. Ta ci gaba da tafiya tana lilo kamar kwalekwale. Ba su tsaya ɗaukar teburin ba. Yana can har yanzu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka zagaya baƙin dutsen. Ya kashe mota. Inna Zinariya ta kama kunnenta da hannu biyu.

"Me ya sami kunnena?"

"Babu abin da ya same shi. Haka wurin yake."

Ya buɗe mata ƙofa, ta cire takalmi. Ya riƙe hannunta suka fara hawa tudun farko, ƙafa tana nitsewa, rairayin yana da ɗumi a sama da sanyi a ƙasa. Ya fara yi mata bayani yadda ya saba a hanya, ga wani tudu a dama, ga wani a bayansa. Ta ce ya yi shiru. Da suka kai sama ta zare hannunta daga nasa, abin da ta yi wata shida ba ta yi a waje ba. Ta juya gabas. Ta juya kudu, ta juya yamma, ta juya arewa, a hankali, ta dawo inda ta fara.

Shi bai kalli hamadar ba, fuskarta yake kallo.

"Zinariya, kina ganin wani abu?"

"Faɗa mini abin da kai kake gani."

"Rairayi. Da sama."

"Sai me?"

Ya duba da gaske. "Shi ke nan."

"To ni ma su nake gani. Ga rawaya a ƙasa, ga shuɗi a bisa, ga inda suka haɗu." Ta miƙa yatsa ta ja layi a iska, kuma ya ce daidai wurin ta ja. "A Legas abubuwa ne suka yi wa idona yawa. Nan abu biyu ne, kuma duka biyun ina ganinsu. Babu abin da ka fi ni gani a nan, Baban Safi."

Ta zauna a kan tudun ta miƙe ƙafafu. Can ta yi 'yar dariya.

"Ashe ba ƙarya kake yi ba. Wallahi babu komai."

Suka zauna har rawayar ta yi ja. A nan suka yi sallar magariba, ya ce bai taɓa jin kabbararsa ta tafi nesa haka ba tare da ta bugi bango ta dawo ba. Suka kwana biyu a wurin. Da za su koma kan tsakuwa ya ciro famfon hannu ya mayar wa tayoyin iska, yana bugawa yana hutawa.

Sun dawo Agege bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, Kunkuru ta koma gindin mangwaro, wannan karon a kan ƙafafunta. Kafin ruwan farko na shekarar ya sauka, sauran ganin Inna Zinariya ya tafi. Safi ta karɓi kaskon ƙosai. Baba Hamani ya koma gyaran risho, a kan wani benci, tun da babu tebur.

Yanzu bayan la'asar shi ke dafa shayi, ita ke ba da labari. Tana zaune a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, tana faɗar gadar Jabba da jami'in Illela da yadda wani direban hamada ya taka totur. Idan ya sa baki ya gyara wani abu sai ta ce, "Kai ka je sau nawa, ni na je sau nawa, amma wa ya fitar da mota?" Na taɓa tambayarta ko duhu ne take gani yanzu. Ta ce mutane haka suke zato, amma ita abin da idonta ya rufe a kansa shi ya zauna, rawaya a ƙasa, shuɗi a bisa.

Rannan Baba Rasaki ya wuce ya ga tayar baya ta ɗan yi laushi, ya je ya jawo injinsa. Tana jin ƙarar ta ɗaga hannu, ta ce masa da Yarbanci ya yi haƙuri ya mayar, iskar da ke ciki ba ta nan ba ce. Bai gane ba, ya tafi yana girgiza kai. Wani lokaci idan jirgin ƙasa ya wuce, unguwa ta ɗan lafa, takan sauko ta durƙusa a gindin tayar ta ce wa mijinta ya kawo ashana. Ya danna mata bawul, ta kara kunne da hanci.

"Ya isa," takan ce tun kafin salati ɗaya ya cika. "Kar ta ƙare."